Sankarar Tantanin Huhu: Tarihin Maganinta da Darasinsa ga Tasawa da Mayahi

A shekarun 1950, Dakta Christopher Sleggs, shugaban asibitin masu tarin fuka a birnin Kimberley na Afirka ta Kudu, ya lura da wani abu da ya ɗaure masa kai. Majinyatan da ake kawowa daga gabashin birnin da ruwa a ƙirji suna warkewa da sababbin magungunan tarin fuka, amma wasu da ake kawowa daga yamma, inda ake haƙar ma'adinin asbesto, sai dai su yi ta ramewa har rai ya yi halinsa. A 1960, shi da Chris Wagner da Paul Marchand suka wallafa bayanin majinyata 33, suka nuna cewa cutar da ke kashe su sankara ce ta tantanin da ya lulluɓe huhu, wadda likitoci ke kira mesoteliyoma. Kusan dukkansu sun shaƙi ƙurar asbesto, wasu ma ba su taɓa shiga rami ba, kusa da mahaƙar kawai suka girma. Tun farkon tarihinta ke nan, cutar nan a rigar tarin fuka ta ɓuya, kuma wannan ne ya sa take da muhimmanci ga mutanen Tasawa da Mayahi da ke jihar Maraɗi.

Asbesto, wanda Faransawa ke kira amiyant, dutse ne mai zare-zare, ba ya cin wuta, ba ya ruɓewa, ga araha. A 1900 wani ɗan Ostiriya, Ludwig Hatschek, ya gano yadda za a cuɗa shi da siminti a yi falankan rufi, daga nan ya shiga silin, bututun ruwa da birkin mota a duniya baki ɗaya. Masana'antun Legas da Kano da Bauchi sun daɗe suna buga irin waɗannan falanka, har kalmar asbesto ta zama sunan silin a bakin magina. Muddin falanki na nan lafiya a kafe, haɗarinsa kaɗan ne. Ranar da aka yanka shi da zarto, ko aka fasa shi wajen rushe gini, sai zaren da ido ba ya gani ya tashi, ya shige huhu, ya maƙale a tantani, ya yi shiru shekara 20 zuwa 50 kafin ciwo ya bayyana. A 1965 wani bincike a Landan ya gano cutar har a jikin iyalan ma'aikata, cikinsu har da matan da ke wanke kayan aikin mazajensu. Faransa ta haramta asbesto a 1997, Tarayyar Turai a 2005, Afirka ta Kudu a 2008.

Tarihin maganin kuwa tarihi ne na ƙarin watanni. Da farko likitoci sun dogara da wuƙa, suna cire huhu guda tare da tantaninsa, aikin da ya halaka majinyata da dama kafin sankarar ta kai ga halaka su. A 2003 aka samu gwaji na farko mai ƙarfi da ya nuna amfanin magani: haɗa pemetrexed da cisplatin ya kai matsakaicin kwanan majinyaci wata 12, maimakon wata 9 da cisplatin kaɗai ke bayarwa. A 2016 gwajin da aka yi a Faransa ya ƙara bevacizumab, aka kusanci wata 19. A 2020 Amurka ta amince da nivolumab da ipilimumab, magungunan da ke zaburar da garkuwar jiki, waɗanda suka ba da wata 18 a inda tsohon magani ya ba da 14. Sannan a 2024 babban gwajin Ingila mai suna MARS 2 ya nuna cewa waɗanda aka yi wa tiyata tare da magani ba su kai waɗanda aka ba magani kaɗai daɗewa ba. Har yau, cikin majinyata goma, kusan ɗaya ne ke cika shekara biyar. Ƙasashe mafiya arziki sun yi shekara sittin suna nema, abin da suka samu jinkiri ne.

In aka ɗora wannan tarihi a kan Tasawa da Mayahi, hanya ta fito fili. Nan ƙasar ci-rani ce: da an gama girbin hatsi, samari kan nufi Kano, Katsina, Legas, Libiya ko Aljeriya, su yi aikin gini, rusau, kanikanci da jarin bola, wato sana'o'in da ƙurar take. Wanda ya yanka silin yana ɗan shekara ashirin zai dawo gida, ya yi noma shekara talatin, sannan ya wayi gari da haki da ciwon haƙarƙari. Cibiyar yaƙi da sankara ta ƙasa tana Yamai, fiye da kilomita 700 daga Tasawa, kuma sai a 2021 ta fara gashin sankara da na'ura. Kuɗin sababbin magungunan ya fi ƙarfin rumbu da garke. Saboda haka abin da ya dace a fara da shi abu uku ne da ba su da tsada. Na ɗaya tambaya: duk dattijon da ya zo asibitin gunduma da ruwa a ƙirji, gwajin majina bai nuna tarin fuka ba, ko magani ya ƙi ci, a tambaye shi aikin da ya yi da ƙuruciya, a tura shi Maraɗi. Na biyu sauƙaƙa numfashi ta hanyar zuƙe ruwan da manne tantanin da hodar talk don kada ya sake taruwa. Na uku maganin zafi mai ƙarfi. Uganda ta nuna ana iyawa: tun 1993 aka fara haɗa ruwan morfin mai araha a can, a 2004 doka ta ba ma'aikatan jinya da aka horar izinin rubuta shi.

Wani zai ce zazzaɓin cizon sauro da tamowa ne ke cinye yaran jihar Maraɗi, don me za a ɓata lokaci kan cutar da ba a jin labarinta? Gaskiya ne ba ta da yawa, duniya duka ana ƙirga kusan sababbin majinyata 30,000 ne a shekara. Sai dai ba ta shiga kundi sai an yanki tsoka an duba, kuma Kimberley ta koya mana cewa shirun kundi kan zo daga rashin dubawa. Bayan haka, tambaya ba ta cin kasafi, morfin da allurar zuƙe ruwa kuma za su amfani mai sankarar mama da ta hanta, ba mai wannan cuta kaɗai ba. Wani kuma zai ce wannan sallama talaka ne ga mutuwa alhali mai kuɗi na samun magani. Wanda ke da ƙarfin jiki da hali ya nemi maganin, domin wata shida a cikin iyali ba ƙaramin rabo ba ne. Zalunci shi ne a bar gida ya sayar da gona da shanu a kan alkawarin warkewa da ko Faris ba ta iya cikawa. Faɗa wa iyali gaskiya cikin tausasawa yana cikin jinya.

Abu guda da ya taɓa rage cutar nan a ko'ina shi ne hana ƙurar tashi, kuma amfaninsa sai bayan shekaru yake bayyana. Magini ya jiƙa tsohon falanki kafin ya taɓa shi, ya kwance shi ɗungum maimakon fasawa, kada ya kai kayan aikinsa gida a wanke tare da na yara, kada a bar gutsattsarin a juji yara su yi wasa da su. Bakanike ya goge ƙurar birki da jiƙaƙƙen tsumma maimakon hurawa. Gidajen rediyon karkara, limamai da shugabannin magina sun isa su kai wannan saƙo kafin samari su hau mota bayan kaka. Saurayin da zai bar Mayahi bana shi ne dattijon 2060, kuma lafiyar numfashinsa a wancan lokaci tana hannun wanda zai gaya masa yau.