Abin da ke sa allon sabar ya sandare bayan an shigar da kalmar sirri

Idan allon sabar ya karɓi suna da kalmar sirri sannan ya yi tsit, abin da yawancin masu kula da na'ura ke fara yi shi ne kai hannu ga madannin kashewa. Sau da yawa wannan gaggawar ce ke mayar da ƙaramar matsala babba, domin yanke wuta na iya lalata bayanan da ba a gama rubutawa a faifai ba, ya kuma share shaidar abin da ya faru. Na'urar da ta iya tantance kalmar sirri tana da rai. Galibi wani abu take jira, aikin mai gyara kuwa shi ne gano mene ne.

Kafin a yi nisa, a danna Ctrl da Q tare. A tsarin Linux, danna Ctrl da S bisa kuskure yana dakatar da fitowar rubutu a allo, alhali na'urar na ci gaba da aikinta. Idan hakan bai yi ba, Ctrl da Alt da F2 na buɗe wani allon shiga, ko a gwada shiga daga wata kwamfutar ta SSH. Sabar kamfanin Dell na da ƙofar nesa mai suna iDRAC, ta HP kuma iLO, waɗanda ke aiki ko tsarin ya cije.

Gwajin da ya fi saurin raba gardama shi ne shiga da asusun root. Bayanansa da jakar gidansa duk suna cikin na'urar kanta. Idan ya shiga lafiya amma sauran ma'aikata sun maƙale, to abin da ake jira yana waje.

A nan ne NFS ke shigowa, tsarin raba fayil ta hanyar sadarwa da kamfanin Sun Microsystems ya samar a 1984. Ma'aikatu da jami'o'i da dama kan ajiye jakunkunan ma'aikata a wata na'urar adana bayanai ta daban. A yadda aka saba ɗaura shi, idan waccan na'urar ta daina amsawa, sabar ba ta haƙura: tana ta sake tambaya har sai ta dawo. Mai shiga kuwa dole a kai shi jakarsa, sai ya tsaya a bakin ƙofa ba tare da wani saƙon kuskure ba. Wannan ya fi faruwa inda ake yawan ɗauke wuta, a lokacin sauyawa zuwa janareto, inda sabar ke riga na'urar adanar tashi. Alamarsa ita ce umarnin df ma ya maƙale, amma df -l, wanda ke duba faifan cikin gida kaɗai, ya amsa nan take. Gyaran yana can wajen na'urar adanar ko wayar da ta haɗa su, kuma da zarar ta dawo, allon kan farfaɗo da kansa.

Tsawon jiran ma yana da abin faɗa, don haka yana da kyau a duba agogo. Mai neman sunaye a DNS yakan jira daƙiƙa 5 kafin ya sake gwadawa, saboda haka jinkirin daƙiƙa 5 ko 10 ko 20 na nuna can. Kimanin daƙiƙa 25 kuwa shi ne wa'adin da D-Bus ke bai wa saƙo, kuma yakan nuna cewa systemd-logind ya daina amsawa. Idan a dmesg aka ga ƙorafin cewa wani aiki ya toshe fiye da daƙiƙa 120, a tuhumi faifai ko NFS.

Sai fayilolin da ake karantawa a duk shiga: /etc/profile da .bash_profile da .bashrc. Layi ɗaya da wani ya ƙara jiya, mai neman wani abu a intanet ko a jakar da ta ɓace, ya isa ya tsayar da kowa. Idan danna Ctrl da C ya saki allon, kusan a nan matsalar take. Cikar faifai ma na jawo irin haka, kuma tana yaudara, domin tsarin ext4 kan keɓe wa root kashi 5 cikin 100 na sarari, sai shi ya shiga sauran su kasa.

A Windows Server abin yakan zo da baƙin allo ko dogon jira wajen ɗora bayanan mai amfani. Ctrl da Shift da Esc na buɗe Task Manager, inda za a iya tayar da explorer.exe da hannu.

Idan duk ƙofofin Linux sun rufe kuma ba makawa sai an sake kunnawa, akwai madannin SysRq, muddin an ba shi izini tun farko. Alt da SysRq da W na jero ayyukan da suka toshe, sai a ɗauki hoton allon da waya. Daga nan a danna S don a kammala rubutu a faifai, U don a hana ƙarin rubutu, sannan B don sake kunnawa, ana ɗan dakatawa tsakaninsu. Bayan ta tashi, journalctl -b -1 na nuna bayanan zaman da ya gabata, idan an saita ajiye su a faifai.