Ido na makiyayi, suna na baƙo: tarihin ƙasusuwan dutse na Nijar

A gidan tarihi na Boubou Hama da ke Yamai akwai ƙasusuwan wata dabba mai tsawon kimanin mita 7, wadda ta rayu a ƙasar nan shekaru wajen miliyan 110 da suka wuce. Sunanta a littafi Ouranosaurus nigeriensis. In yaro ya tambayi wanda ya gano ta, amsar da malami ke da ita ita ce Philippe Taquet, Bafaranshe. Amsar gaskiya ce, amma ba ta cika ba. In muka bi tarihin ƙasusuwan nan ɗaya bayan ɗaya, za mu tarar sau da yawa idon da ya fara ganinsu ba na masani ba ne. Na makiyayi ne, ko ɗan jagora, ko mai neman ma'adinai, ko mai ɗaukar hoto. Wannan tarihi ya shafe mu, malamai da iyaye, domin masu irin wannan ido suna zaune a azuzuwanmu.

Da farko, yaya ƙashi ke zama dutse? Dabba ta mutu a bakin kogi ko a cikin teku, laka ko rairayi ya binne ta kafin ta watse. Nama ya ruɓe, ƙashi ya saura. Ruwan ƙarƙashin ƙasa ya riƙa ratsa ƙananan ramukan ƙashin yana barin ma'adinai a ciki, har bayan dubban dubban shekaru ƙashin ya yi nauyi da tauri irin na dutse, siffarsa kuwa tana nan. Daga baya iska da ruwan sama su zaizaye abin da ya rufe shi, sai ya fito fili. Shi ya sa hamada ta fi ko'ina nuna su: babu ciyawar da za ta ɓoye su, iska kuma ba ta hutu.

Binciken zamani ya soma da wani limamin coci Bafaranshe masanin duwatsu, Albert-Félix de Lapparent, wanda ya yi ta zirga-zirga a Sahara tsakanin 1946 da 1959, sau da yawa a kan raƙumi. Ya bi yankin Ingal da kewaye, ya wallafa sakamakonsa a 1960. Baƙon da ke tafiya a raƙumi cikin ƙasar da bai sani ba, ba ya kai kansa rijiya, balle ya kai kansa wurin ƙashi. Sai da ɗan gari akan ci gari.

Bayan samun ƴancin kai, masu neman uraniyom na hukumar nukiliya ta Faransa suka ci karo da ƙasusuwa birjik a Gadufawa, kudu maso gabas da Agadas. Su ba ƙashi suka fito nema ba, amma sun gane cewa abin ya fi ƙarfin saninsu, suka aika labari Paris. Haka aka turo Taquet, saurayi ɗan shekara 24, ya iso wurin a farkon 1965. Abzinawa sun daɗe da sanin wannan fili, har ana fassara sunansa da cewa wurin da raƙuma ke tsoron shiga. A nan aka tono dabbar da ke Yamai, aka raɗa mata suna a 1976. Farkon sunan nata ma daga bakin mutanen wurin aka aro shi, daga kalmar da suke kiran damon hamada da ita. A Gadufawa kuma aka samo ƙoƙon kan wani kada da aka sa wa suna Sarcosuchus a 1966, wanda masana ke ƙiyasta tsawonsa tsakanin mita 9 da 12.

Labarin Jobaria ya fi fito da maganar fili. A 1990 Paul Sereno, masani daga jami'ar Shikago ta Amurka, ya biyo yankin Ingal, mutanen wurin suka kai shi inda manyan ƙasusuwa ke kwance. Ba yau suka gan su ba. Suna da labarinsu tun kaka da kakanni, na wata halitta mai suna Jobar. Aka dawo aka tona a 1997, aka wallafa a 1999 da sunan Jobaria tiguidensis: Jobar na tatsuniya, da dutsen Tigidit. Dabba ce mai dogon wuya mai cin ganye, tsawonta ya kai mita 18, kuma kusan duk ƙasusuwanta aka samu. A shekarar ce aka raɗa wa Nigersaurus suna, mai faffaɗan baki da haƙora fiye da 500.

A shekara ta 2000 ayarin Sereno na neman dinozor a Tenere, sai mai ɗaukar hotonsu, Mike Hettwer, ya ratse gefe ya hango ƙasusuwa a kan wani tudun rairayi. Ba na dinozor ba ne, na mutane ne. Wurin shi ne Gobero, maƙabarta mai kaburbura kusan 200, ta mutanen da suka zauna bakin wani tafki tun shekaru wajen dubu 10 da suka wuce, lokacin da dorina da kada da giwan ruwa ke rayuwa inda yau babu ko ɗigon ruwa. A 2005 kuma wasu Jamusawa biyu, ɗaya shugaban gidan tarihi, ɗaya mai aikin taimakon makarantu, suka tsaya hira da Abzinawa kudu da Agadas, aka nuna musu wani tudu mai gutsattsarin ƙashi. Dabbar wannan yanki ta Adarbisanat ita aka sa wa suna Spinophorosaurus a 2009.

Mai karatu na Tawa ko Ƙonni zai iya cewa wannan zancen arewa ne. A'a. Shekaru wajen miliyan 70 zuwa 55 da suka wuce, wani reshen teku ya sha malalowa ya rufe ƙasar da ta zama Adar da Sakkwato a yau. Farin dutsen da ake yin siminti da shi a Malbaza a ƙarƙashin wannan teku ya taru, daga ɓawon ƙananan halittun ruwa. A dutsen Igdaman na jahar Tawa an samu ƙasusuwan manyan ƙadangarun teku: Igdamanosaurus, mai dunƙulallun haƙora na fasa ɓawo, wanda aka sa wa suna a 1991, da Pluridens a 1998. Shimfiɗar dutsen da na biyun ya fito daga ciki, a littattafan masana na duniya da Hausa ake kiranta: Farin Dutsi. Can Goronyo ta jahar Sakkwato ma akwai ɗan uwansu, Goronyosaurus. Saboda haka yaron Keita ko Buza da ya tsinci dutse mai kama da katantanwa a kan hanyar kiwo, ba wasa ya tsinto ba, shaidar teku ce a hannunsa.

To, me ya sa sunan mai nuna wuri ke ɓacewa, na baƙo ya tabbata? Akwai rashin adalci a ciki, ba a musu. Amma akwai dalili na biyu da ya fi shafar aikinmu. Masani na zuwa da kaye da alƙalami. Yakan rubuta rana, da wuri, da irin dutsen da ƙashin ke ciki, da yadda yake kwance, da abin da ke kusa da shi. Shekarun ƙashi daga shimfiɗar dutsen da ya kwanta a ciki ake gane su. Ƙashin da aka ɗauke ba a rubuta inda ya fito ba, kamar wasiƙa ce da aka yage sunan mai aikowa da kwanan wata. Mutanenmu suna da ido da sanin ƙasa. Abin da ya raba su da baƙo rubutu ne. Rubutu kuwa sana'armu ce.

Abin da ke faruwa in ido ya gani babu ilimi a bayansa, tarihi ya nuna mana shi ma. A 1975 wani mafarauci ya tsinci kawunan mutum-mutumi na yumɓu a Bura, yankin Tera. Masanin ƙasarmu Boubé Gado ya yi tono na ilimi a wurin a 1983. Da labari ya bazu, masu saye suka shigo, aka yi ta farfasa wurare ana sayar da kaya waje, abin da za a koya daga gare su ya tafi har abada. Kwanan nan ma, wani dutse mai nauyin kilo kusan 25 da ya faɗo daga duniyar Mars, wanda aka tsinta a jahar Agadas a 2023, an yi gwanjonsa a birnin New York a watan Yulin 2025 a kan dalar Amurka fiye da miliyan 5, sai daga baya hukumomi suka buɗe bincike kan yadda ya fita. Tun 1997 muna da dokar kare kayan tarihi na ƙasa, amma doka ba ta kiwon tumaki a daji. Yaro ne ke can.

Ga abin da malamin firamare zai iya koya wa ɗalibai ba tare da ya kashe ko dala ba. Ƙashin da ya zama dutse ya fi ƙashin yau nauyi, kuma inda ya karye ana ganin ƙananan ramuka kamar na soso. Icen da ya zama dutse, wanda ke da yawa a yankin Ingal, yana da zare-zare a tsaye irin na itace. Dunƙulen da ke da zanen tauraro mai reshe biyar a kansa, bushiyar teku ce. Haƙorin kifi ko na kada yana da santsi da sheƙi fiye da dutsen da ke riƙe da shi. Farin dutsen teku kan yi ƴar kumfa in an kankare shi an ɗiga masa ruwan tsami mai ƙarfi. Abin da muke kira gatarin aradu kuwa ba daga sama ya faɗo ba, kuma ba ƙashi ba ne: gatari ne da mutanen da suka wasa da hannunsu. Sannan yawancin duwatsu masu siffar ƙwai, dunƙulen marmara ne kawai. Yaro ya koyi cewa "wannan dutse ne kurum" ita ma amsa ce ta ilimi.

Ƙa'idar ita ce: ƙaramin ɓawon da ke yashe a fili ana iya kawo shi aji, a rubuta masa takarda mai sunan wanda ya tsinta, da rana, da wuri. Babban ƙashi da ke cikin ƙasa ba a tona shi, ba a jan shi, domin yana ruɓushewa. Kabari ko tukunyar da ke binne ba a taɓa su sam. A ɗauki hoto da salula, a ajiye alƙalami ko takalmi a gefe don a gane girma, a kwatanta wurin da rijiya ko tudu mafi kusa. Malami ya sanar da maigari da magajin gari, a kai labari ga masanan jami'ar Abdou Moumouni ko gidan tarihi na ƙasa. In baƙo ya zo da kuɗi yana tambayar wuri, a tura shi wajen hukuma.

Ku kuma iyaye, in yaro ya shigo gida da dutse a aljihu, kada kalmar farko ta zama "jefar da ƙazantar nan". Ku tambaye shi inda ya samo, ku ce ya kai wa mushensa gobe. Ƙasusuwa da dama da aka tono a ƙasar nan suna ajiye a Shikago da Paris da wasu biranen Turai, ana kuma maganar gina musu gidaje a Yamai da Agadas don su dawo. Ranar da suka dawo za a buƙaci ƴan ƙasa masu iya karanta su, masu iya fita daji su samo wasu su kuma sa hannu a kan takardar da sunansu. Waɗannan mutane yanzu haka suna aji uku ko aji huɗu, kuma kayen farko da za su rubuta "na tsinta a wuri kaza, ranar kaza" mu ne za mu ba su shi.