Sunan Hanya Shi Ne Shingenta: Kalmomin Tafiya a Sifaniyanci da Hausar Tasawa da Mayahi

Gabatarwa

Hausawa sun ce tafiya mabuɗin ilimi. Ita kanta tafiyar kuwa tana da nata ilimin, wanda aka adana cikin kalmomin matafiya: sunan hanya, da na masauki, da na kayan da ake aza wa dabba, da na kuɗin da ake biya kafin a wuce. Wannan maƙala za ta dubi irin waɗannan kalmomi a harsuna biyu da ba a saba haɗa su ba, wato Sifaniyanci, harshen ƙasar Sifen, da Hausar gundumomin Tasawa da Mayahi cikin jihar Maraɗi. Dalilin haɗa su biyu ne. Na farko, dukansu sun ɗebi ruwa a rijiya ɗaya, ta Larabci da fataucin ayari. Na biyu, mutanen Sifen sun shigar da tsofaffin sunayen hanyoyin dabbobinsu cikin doka, har sunayen suka zama katangar da ke tsare hanyoyin, alhali mu a nan namu sunayen suna bin tsofaffi zuwa kushewa, gonaki kuma suna cinye hanyoyin da suke ɗauke da su.

Gadon Andalus

A shekarar 711 Ɗariƙu bin Ziyad ya ƙetare mashigin tekun da ke tsakanin Maroko da Sifen, mulkin Musulmi kuma bai ƙare a can ba sai da birnin Garnaɗa ya faɗi a 1492. Masana harshe sun ƙiyasta cewa wannan doguwar zama ta bar wa Sifaniyanci kalmomin Larabci kimanin 4,000, kuma da yawansu na hanya da sufuri ne. Jerin matafiya shi ne "cáfila", daga "ƙafila". Garken dabbobin dako shi ne "recua", daga tushen da ya ba da "rukubu", wato hawa. Alfadarin kaya "acémila" ne, abin da ake shimfiɗa masa a baya kafin a ɗora kaya "albarda", jakunkunan da ke reto a gefensa biyu kuwa "alforja". Bahaushe ba ya buƙatar dogon bayani a nan, domin akumari da mangala ke nan. Gidan da baƙin ƴan kasuwa ke sauka su ajiye hajarsu ya zama "alhóndiga", daga "funduƙ", garuruwan da ake kira Alcántara kuma sun samo sunansu ne daga "ƙanɗara", wato gada.

Wasu kalmomin sun yi doguwar tafiya kafin su iso mana. "Diwan" na nufin littafin da ake rubuta lissafin hukuma. Ya shiga Sifaniyanci ya zama "aduana", ya shiga Faransanci ya zama "douane", daga nan Faransawa suka kawo mana shi muka ce duwan. Amma tun kafin zuwansu malamanmu sun san diwani, wato kundin waƙoƙi. Ashe kalma ɗaya ce ta shigo Hausa sau biyu, sau ɗaya a gafakar malami, sau ɗaya a bakin shingen kan iyaka. Haka "makhzan", ɗakin ajiya, ya zama "almacén" a Sifen, "magasin" a Faransa, mangaza a bakinmu. Harajin da fatakenmu ke kira garama ma yana nan a ƙamus ɗin Sifaniyanci da sunan "garrama".

Wannan kusanci ba haɗari ba ne, domin hanyoyin hamada sun haɗa Andalus da ƙasashen Sudan ƙarni da ƙarni. Alhasan al-Wazzan, wanda Turawa ke kira Leo Africanus, haifaffen Garnaɗa ne, kuma littafinsa da aka buga a 1550 ya yi bayanin Agadas da Gobir da Katsina da Kano. Judar Basha, wanda ya jagoranci rundunar Maroko ta karya daular Sanwai a Tondibi a 1591, shi ma ɗan kudancin Sifen ne.

Akwai kuma kalmomin da Sifaniyanci ya gada daga Latin, harshen Rumawa. Biyu daga cikinsu sun cancanci a tsaya a kansu. "Ruta" asalinta hanyar da aka fasa, kamar yadda mu ma muke cewa an fasa daji. "Jornada" kuwa tafiyar yini guda ce, kuma da ita ake auna nisa kafin zuwan kilomita. Wannan ita ce zango a wurinmu: wurin da ayari ke yada kaya, kuma tazarar da ke tsakanin masauki da masauki.

Ayarin gishiri a Tasawa

Tasawa tsohon gari ne na ƙasar Katsina, kuma matsayinsa a tarihi ya samo asali ne daga inda yake zaune. Ayarin Abzinawa da ya ɗauko gishiri da dabino daga Bilma da Fashi, ya ratsa Tenere ya dawo Abzin, yakan gangaro kudu da kaka ta Damargu, ya biyo ta Tasawa da Gazawa, ya nufi Katsina da Kano. A kan hanya ake musayar kantun gishiri da hatsi. Raƙuma na kiwo a gonakin da aka girbe suna bar wa manomi taki, shi ya sa saukar ayari a gonar mutum ta kasance abin nema. Ita ma kalmar raƙumi daga harsunan Barbar ta shigo Hausa, ta biyo sawun dabbar da take nufi.

A cikin irin wannan ayari ne, na Kel Ewe, Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdul Karim, ya iso Tasawa a watan Janairun 1851. A nan ya rabu da abokin tafiyarsa Overweg, wanda ya yi yamma zuwa Maraɗi da Gobir, shi kuwa ya bi ta Gazawa zuwa Katsina. A zamanin dajin da ke tsakanin garuruwan biyu wurin tsoro ne, saboda gabar da ke tsakanin Katsinawan Maraɗi da masu mulkin Katsina tun bayan jihadi. Da ya isa Katsina, sarki ya tsare shi kwanaki sai da ya ba da kyautar da ta gamsar, kana ya wuce Kano a farkon Fabrairu. Wannan ya nuna cewa hanyar wancan lokaci ba ta kowa ba ce: kowane yanki nata da mai shi, kuma sai an biya.

Saboda haka ne fataucin Hausawa ya zama sana'a mai tsari da muƙamai. Madugu shi ne shugaba, shi ke yanke ranar tashi, shi ke ciniki da sarakuna a kan garama da kuɗin fito. Jagaba na gaba yana duba hanya da wurin sauka, uban dawaki na taimakon madugu wajen tara abin da za a biya, ga kuma malamin ayari mai duba sa'a da addu'a. Kowane falke na da guzurinsa da salkar ruwansa, yana kora jakai ko takarkarai masu ɗauke da taiki. Idan ya dawo gida lafiya sai a tarye shi da barka da sauka, shi kuma ya raba tsaraba. Waɗannan fatake ne suka kai kalmar zango har Gwanja da Asante, shi ya sa yau unguwannin baƙi Musulmi a Kumasi da Akara da Lome da Kwatano ake kiransu Zongo. Ko sunan Hawandawaki, ɗaya daga cikin garuruwan gundumar Tasawa, yana tuna mana zamanin da doki ne abin hawan masu iko.

Hanyar Turawa da harshen mota

Hanya ta uku da ta ratsa ƙasar nan da jini aka fasa ta. A 1899 rundunar Faransa ƙarƙashin Voulet da Chanoine ta taso daga bakin Kwara ta nufi tafkin Cadi, tana ƙone garuruwa tana kashe mutane, ciki har da kisan gillar Birnin Ƙonni. Gwamnatin Faransa ta aiko Laftana-Kanar Klobb ya tsayar da su, amma a ranar 14 ga Yuli aka harbe shi a Dankori, kusa da Tasawa, bisa umarnin Voulet. Kwana biyu zuwa uku bayan haka sojojinsu suka yi musu bore suka kashe su biyun a Maijirgi, inda kaburburansu suke har yau.

Abin da Faransa ke nema shi ne hanya mai ruwa tsakanin Kwara da Damagaram. Iyakar da ta shata da Ingila a 1898 ta tilasta wa ayarinta zagayawa ta arewa inda rijiyoyi suka yi ƙaranci, sai yarjejeniyoyin 1904 da 1906 suka turo iyakar kudu. Ke nan neman hanya ne ya yanke ƙasar Katsina gida biyu, ya mai da tafiyar Tasawa zuwa Katsina ƙetare iyaka. Jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, fataucin hamada zuwa Tarabulus ya durƙushe, a 1927 kuma aka ɗauke mazaunin mulkin yankin daga Tasawa aka kai Maraɗi. Hanyoyin mota na farko da aikin dole aka gina su, talakawa na ɗaukar ƙasa da duwatsu a ka, har zuwa 1946 da aka soke shi. Babbar hanya mai lamba 1 da ta taso daga Yamai ta bi ta Maraɗi, Cadawa, Agye, Gazawa da Tasawa zuwa Damagaram ita ce magajiyar wannan buri. Ta kwanta daga yamma zuwa gabas, ta gitta wa tsohuwar hanyar ayari da ke gangarowa daga arewa zuwa kudu.

Harshen tashar mota ya riƙe shaidar mulkin mallaka biyu. Cinikin gyaɗa ya daɗe yana bi ta Kano, don haka tasha da direba da lori da kwalta da kwastan suka hauro daga Ingilishi ta Najeriya. Daga Faransanci kuma aka samu duwan da jandarma da kamyo da gudron. Abin lura shi ne, tsoffin kalmomi ba su mutu duka ba. Jagaba ya koma fagen siyasa, madugu ya zama shugaban ƴan adawa ko na ƴan tawaye a labaran rediyo, zango kuma ya zama kashi ɗaya na shekarar karatu.

Burtali da "cañada"

Akwai hanya ta huɗu, wadda ta girmi sauran, kuma ita ce ta fi shiga haɗari: hanyar dabbobi. A nan ne darasin Sifen ya fi amfani. A 1273 Sarki Alfonso na Goma ya amince da ƙungiyar makiyayan tumaki mai suna Mesta, aka kuma tsare musu hanyoyin da garkuna ke bi tsakanin makiyayar rani da ta hunturu. Kowace hanya da sunanta da faɗinta: "cañada", wadda ake furtawa kanyada, kimanin mita 75, "cordel" rabin haka, "vereda" kimanin mita 20. An rushe Mesta a 1836, jirgin ƙasa da mota suka karɓe jigilar dabbobi, aka yi ta cin hanyoyin. Amma da yake sunayen da awonsu suna rubuce, dokar 1995 ta iya dawo da su a matsayin dukiyar jama'a da ba a sayarwa, tsawonsu ya kai kimanin kilomita 125,000. Tun 1994, an sha ratsa tsakiyar birnin Madrid da garken tumaki a lokacin kaka don tuna wa kowa cewa titin nan hanyar dabbobi ce.

Hausa ma ba ta rasa irin wannan rarrabewa ba. Akwai turba, sawun ƙafa. Akwai gwadabe, babbar hanya. Akwai burtali, wanda ke bi tsakanin shingayen gonaki. Akwai labi, hanyar shanu. Ga mashaya da makiyaya da mararraba. Gundumomin Mayahi da Tasawa suna tsakanin ƙasar kiwo ta arewa da ƙasar noma ta kudu, don haka garkunan Fulani da na Buzaye ke ratsa su sau biyu a shekara: su haura da faɗuwar damina, su gangaro bayan girbi. Kwarin Gulbin Kaba, inda garin Mayahi yake, yana daga cikin wuraren da suke samun ciyawa da inuwar goriba. Dokar 1961 ta shata iyakar da noma ba zai wuce ba ta arewa, amma ƙaruwar jama'a da farin 1973 da na 1984 sun tura manoma gaba. Saura ta ɓace, kowace damina kuma sai garma ta ɗan ci bakin burtali, har hanyar da garke ke wucewa a sake ta koma wadda saniya biyu ba sa jerawa. Daga nan sai ɓarna, daga ɓarna sai faɗa. Jihar Maraɗi ta ga ƙarshen wannan a Toda cikin Oktoban 1991, inda aka kashe Fulani fiye da 100, akasarinsu mata da yara.

Kundin dokokin karkara na 1993 ya kafa kwamitocin kula da filaye, dokar kiwo ta 2010 kuma ta tabbatar da cewa zirga-zirgar makiyayi haƙƙinsa ce, hanyoyin dabbobi kuma dukiyar ƙasa ne. An kafa turakun siminti a gefen burtulla da dama. Sai dai turke ana iya tumɓuke shi da dare. Idan gardama ta tashi, abin da kwamiti ke komawa gare shi shi ne shaidar dattawa: wane ne ya san sunan wannan labi, daga wace rijiya ya taso, a wace mashaya ya ƙare. Ranar da mai wannan sani ya kwanta dama ba tare da an rubuta ba, rabin hujjar ta tafi da shi.

Kammalawa

Wannan aiki ne da malaman makaranta da ƙungiyoyin raya al'adu za su iya ɗauka ba tare da jiran kuɗin wani ba. Kowane aji a Kanambakashe, ko Sarkin Hausa, ko Korgom, ko Urafan, zai iya aika ɗalibansa ga tsofaffin manoma da ardo-ardo da tsofaffin fatake, su rubuto sunan kowace turba da burtali da tsohon zango da rijiyar ayari da ke ƙasar garinsu, da faɗin da aka san ta da shi, da wanda ya ba da labarin. A zana taswira, a ajiye kwafi ɗaya a makaranta, ɗaya a wurin mai gari, ɗaya a kwamitin filaye. Yaron da ya yi wannan aiki ya koyi tarihi da labarin ƙasa da Hausa a lokaci guda, garinsu kuma ya samu takardar da za ta iya kashe wutar rigima kafin ta tashi. Mutanen Sifen sun iya ceto hanyoyinsu bayan shekara 159 da rushe Mesta saboda sun tarar da sunayen a rubuce. Namu dattawan da suka ga ayari da idonsu suna nan da sauran numfashi, kuma matambayi ba ya ɓata.