Jigo

jigo (jíigòo) *sn., nj., jam.* jigogi, jiga-jigai.

1. Dogon itace mai guga da ake ɗebo ruwa da shi a noman rani: *lambun Kalambaina na shan ruwan ~.*

2. Babban mutum da tafiya ta dogara a kansa: *~n unguwa.*

3. *adb.* Saƙon da labari ko waƙa ke ɗauke da shi: *~n wa'azi.*

4. *kwmf.* Tsarin launi da rubutu na fuskar kwamfuta: *sauya ~ a Windows.*

~n haske: farin shafi, baƙin rubutu.

~n duhu: baƙin shafi, farin rubutu, ya game manhajar macOS a 2018.

saɓanin ~: ɓacewar rubutu a jerin zaɓi mai ɓullowa, idan manhaja ta kafe kan baƙin rubutu, shafin kuma ya bi ~n duhu: *akawu a Kalambaina ya danna linzami, zaɓi bai fito ba saboda saɓanin ~.* Magani: komawa ~n haske, ko sabunta manhaja. Ƙa'idar WCAG ta shafukan intanet: bambancin hasken ƙaramin rubutu da shafi kada ya gaza 4.5:1.

*Dubi:* launi, manhaja, shadufi.