Hazo

hazo [házóo] sn., nm., ba jm.

1. Ƙurar hunturu mai dushe sararin sama: *~ ya rufe gari.*

2. Gajimare da ke sauka har ƙasa, musamman a kan duwatsu: *~ ya jiƙa ganye.*

3. Dushewar gani: *idonsa ya yi ~.*

dajin ~: daji a kan tsaunukan ƙasashe masu zafi, kamar Monteverde a Kosta Rika, inda ganye da gansakuka ke tsotsar ruwa daga hazo.

*Bayani:* Ɗumamar yanayi babbar barazana ce ga wannan daji. Idan teku ya ɗumama, gajimare kan taru can sama, hazo ya daina taɓa itatuwa, rana ta bugi ganye, danshi ya tashi ya bi iska, ƙoramu su ragu da rani. A Monteverde, rabon da a ga kwaɗon zinariya tun 1989, abin da wasu ke dangantawa da raguwar hazo. Wasu kuma na ɗora laifin a kan cutar fatar kwaɗi da saran daji a gangare. Mai yiwuwa duk suna da hannu, amma ko an tsare daji da kyau, shinge ba ya dawo da hazo.

*Tsiro:* hazo-hazo. *Duba:* dishi-dishi, raɓa, tururi, gajimare.