Manyan sinadaran ƙwayar halitta: daga shinkafar Malanville zuwa cutar sikila

Jikin ɗan Adam tarin ƙananan ƙwayoyin halitta ne da ido ba ya gani. Kowace an gina ta da manyan sinadarai iri huɗu: furotin, dangin sukari da sitaci, kitse, sai DNA da RNA masu ɗauke da bayanin gado. Ban da kitse, sauran kamar carbi suke, ƙananan duwatsu a jere. Yadda aka jera su shi ke ba sinadarin siffarsa, siffar kuma ita ke tsara aikinsa.

Shinkafar da ake nomawa a Malanville, bakin kogin Neja daura da Gaya, misali ce. Sitacin ƙwayarta da sinadarin selulos na kararta duk da sukarin gulukos aka yi su, ɗaurin ne kawai ya bambanta. Cikin mutum yana narkar da sitaci amma ba ya iya kara. Saniya na iyawa saboda ƙananan halittun da ke tumbinta.

Lamarin ya fi tsanani a jini. Himoglobin, furotin da ke ɗaukar iskar oksijin, yana da amino asid 574 cikin sarƙa huɗu. A cutar sikila, wadda asibitocin Benin da Nijar ke kira drépanocytose, harafi ɗaya ne ya sauya a DNA, sai balin ya maye gurbin gulutamik asid a matsayi na 6 na sarƙar beta. Vernon Ingram ya gano bambancin a 1956. Idan oksijin ya yi ƙasa, wannan himoglobin yakan manne da juna, jar ƙwayar jini ta lanƙwashe kamar lauje, ta toshe ƙananan jijiyoyi. Daga nan ciwon ƙashi yake. Lafiyayyar ƙwaya takan kai kwana 120, mai sikila kuwa 10 zuwa 20, shi ya sa jini ke ƙaranci.

Akwai kuma himoglobin C, da ake samu sosai a Burkina Faso, arewacin Ghana, Togo da Benin, kuma mutane kan manta da shi. Mai AS da mai AC suna iya haifar SC, wanda shi ma nau'in sikila ne. Idan miji da mata duk AS ne, kowane ciki na da yiwuwar 1 cikin 4 ya zo da SS, ko da 'ya'yan fari sun zo lafiya. Gwajin électrophorèse ne ke bambance A, S da C.