Sun Argungu: Gasar da Sulhu Ya Haifa

Idan hunturu ya kusa wucewa, ruwa ya ja baya, dattawanmu a zangon Gushegu sukan tuna da sun Argungu.

Kabawa sun shafe kusan ƙarni guda suna gaba da Daular Sakkwato. A shekarar 1934 Sarkin Musulmi Hasan ɗan Mu'azu ya kai ziyara Argungu, aka yi masa babban su domin girmamawa. Daga nan bikin ya kafu.

Ana hana kamun kifi a Matan Fada duk shekara, domin kifi ya ƙosa. Ranar gasa, bayan Sarkin Ruwa ya ba da izini, dubban masunta sukan faɗa ruwa da homa da gora, kowa na neman giwan ruwa mafi nauyi. A 2016 hukumar UNESCO ta sanya bikin cikin al'adun duniya abin adanawa.

Mu da muka ga yaƙin 1994 a Gushegu da Salaga, muke kuma jin halin da Bawku take ciki, mun san tsadar gaba. Ziyara ɗaya ta mayar da abokan gaba baƙin juna. Allah Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.